Jaridun Ba'amurke a Teburin Mai Tsire

Inna ba ta yi karatun boko ba, amma a duk lungunmu na Ammariyya a Jidda babu wanda ya kai ta sanin hukuncin takarda. A wurinta takarda iri biyu ce. Mai rubutun Larabci, ko da rasit ɗin shinkafa ce, ba a taka ta, ba a zuba ta a shara, don ba ka san inda sunan Allah ya faɗo a ciki ba. Irin wannan tarawa take yi a wani tsohon gwangwanin madara, ranar Juma'a ta ƙone a tsakar gida, tokar ta zuba a gindin darbejiya. Mai rubutun Turawa kuwa ta Kawu ce.

Kawu ƙanin Inna ne, mai tsire, abin nan da mutanen Jidda ke kira siriya suna lashe yatsu. Tun yana saurayi, suna sabon zuwa daga Sudan, ya rantse ba zai naɗe nama a jaridar Larabci ba, kuma bai taɓa karya rantsuwar ba. Ya gwada leda, ya ce tana sa tsire gumi. Ya gwada farar takardar kanti, ya ce ba ta shan mai. Jaridar Turanci kaɗai ta yi masa, ita kuma tun da waya ta shiga hannun kowa sai ta yi wuyar samu. Saboda haka duk dangi muka zama 'yan farautar takarda. Ni da nake aikin sito a tashar jiragen ruwa, duk abin da na tsinta mai rubutun boko gida nake kawowa. Inna ta duba gaba da baya, in ba ta ga baƙin Larabci ko ɗaya ba ta ce, "Wannan ta halatta," ta ajiye wa ƙaninta.

Wanda ya fi kowa taimakon Kawu shi ne wani dattijo da unguwa ke kira Ba'amurke, ni kuma nake kiransa Ammu, wato baffa da Larabci. Baƙi ne wuluk, dogo, ya fi Kawu kama da mutumin Katsina. Lokacin da ya tare a ɗakin da ke jikin masallacinmu, tsofaffi suka yi ta gaishe shi da Hausa yana murmushi, har aka fara cewa Takari ne mai ɓoye asali. Sai daga baya aka gane makanikin injin jirgin ruwa ne daga Amurka, ya musulunta, ya zo aikin hajji, wani kamfani a tashar ya riƙe shi, zama ya yi zama. Shi kaɗai ne a lungun ke sayen jaridar Turanci kullum. In wata ya ƙare sai ya cika kwali ya ba ni in kai gida, Inna ta tantance, Kawu ya aiko masa da tsire mai zafi. Haka aka yi shekara da shekaru.

Akwai wani kwali dabam a ƙarƙashin gadonsa. Mun daɗe da sabawa kafin ya buɗe mini shi, wata rana bayan La'asar muna shan shayi. Ƙananan jaridu ne masu shafi huɗu, sun yi ja don tsufa, an jera su a kwance da ƙwayoyin kafur a kusurwa.

"Wannan uwata ce," ya ce da Larabcinsa mai nauyin harshe.

A tsibirin Hawai aka haife shi, can tsakiyar teku. Ya ce baƙar fata ba su da yawa a can, sai da yaƙin duniya ya kwaso sojoji da leburorin tashar jirgi. Manyan jaridun tsibirin ba sa tuna baƙin mutum sai ranar da 'yan sanda suka kama shi. In ya yi aure ba labari ba ne, in ya mutu ba labari ba ne. Shi ya sa uwarsa ta ɗora keken rubutu a teburin cin abinci ta fara buga tata. Ubansa ya kai wa wani mai ɗab'i da ya yarda ya karɓa, sannan ya bi shagunan aski da ƙofar tasha yana rabawa. A ciki za ka ga wa ta haihu, wa ya yi aure, jirgin wa ya dawo, wane mai gida ne ba ya ba baƙar fata haya, wane gidan abinci ne za a bar ka tsaye har ka gaji ka tafi. Ya ce kafin tasu an yi wasu, fitowa kaɗan suka mutu, bayan tasu ma an yi. Da jirage suka kwashe sojoji gida, masu karatu suka ragu, ita ma tasu ta bi sahu. Babu ɗakin karatun da ya damu ya ajiye. Abin da ke cikin kwalin nan shi ne kaɗai ya rage a duniya.

Na gane zancen tsaf. Ni ma a garin nan aka haife ni, na san ranar da ake tuna irinmu a jarida.

Ya ɗauko ta can sama, fitowa ta ƙarshe. A shafin farko uwarsa ta yi wa masu karatu ban kwana, kuma a nan ne kawai ta yarda aka sa hotonta: mace siririya zaune gaban keken rubutu, ta juyo tana kallon mai ɗauka kamar ya katse mata aiki. Ya ce ba shi da wani hotonta. Yana da 'ya a Amurka mai bin tarihin irin waɗannan jaridu na tsibirai, ta daɗe tana roƙon ya aika mata.

"Ba na sa uwata a akwatin gidan waya," ya ce. "In tana so ta zo ta ɗauka da hannunta."

Shekarar da aka zo rushe tsofaffin unguwanni, muka wayi gari da jan fenti a bangonmu, kalma ɗaya mai nufin a tashi. Ɗakin Ammu ma an shafa masa. Kowa hankalinsa a tashe, ana neman gida, ana neman motar kaya, maƙwabcin da kuka yi shekara talatin tare ya wuce ka bai gan ka ba. A daidai wannan lokacin ne asibiti suka kira Ammu aikin yanar ido, don ya kai ba ya gane mutum sai ya yi magana. 'Yarsa ta sa ranar zuwa, amma sai bayan aikin. Yana tsoron a kwashe ɗakin yana kwance. Ranar da zan kai shi asibiti ya jawo kwalin da kansa, ya ɗora mini a hannu, bai saki ba sai da na ce, "Amana ce, Ammu. Na karɓa."

Na kai gida na ɗora a kan kabad ɗin ɗakina, na ce wa Inna kwalin Ba'amurke ne, kada a haɗa shi da kayan da za a kwasa. Ta ce to, tana tsakiyar ɗaure tukwane.

Ranar da abin ya faru ina cikin sito, ana sauke buhunan sukari, wayata ta yi ƙara bayan Azahar. Inna ce, muryarta cike da jin daɗin wadda ta yi aiki.

"Dabbab, ƙaramar motar kayan nan, ya kwashe kayan farko, an gama. Ɗakinka ma na rage maka. Kwalin Ba'amurke na aika wa Kawunka tun hantsi, ka huta ɗauka."

Na saki buhun da ke hannuna.

"Wane kwali, Inna?"

"Kwali nawa ne? Na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu Larabci ko ɗigo. Mutumin kirki, har kafur ya sa musu don kada asu ya ci."

Ban san abin da na ce mata ba, na dai san na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na kashe na kira Kawu. Wayar ta yi ta ringi. Na san ba zai ɗauka ba, don in hannunsa na cikin nama ko Sarkin Makka ne ke kira sai dai ya jira, ga shi kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa. Na kuma san tsarinsa kamar yadda na san Fatiha. Bayan Azahar yake zama ya ɗauko jaridu dami guda, ya ninka, ya sa wuƙar nama ya raba kowace gida huɗu. Da La'asar ya hura wuta.

Shugaban sitonmu ya ce ba inda za ni sai an gama sauke motar. Na ce masa mutuwa aka yi. Ya tambaye ni wa ya mutu, na ce tsohuwa ce, uwar maƙwabcina, ban tsaya jin amsarsa ba na fita. A ƙofar tasha manyan motoci sun yi layi, mai gadi yana duba takardun kowa a natse kamar yana karatun allo. Na zauna a mota ina dukan sitiyari, gumi na bin bayana duk da sanyin na'ura.

Da na isa Ammariyya sai na rasa hanya a unguwar da aka haife ni. Lungun da nake bi tun ina yaro an toshe shi da tarin bulo. Na bar motar na bi da ƙafa, ina tsallake ƙofofin da aka ciccire da katifun da aka yar. Kusurwar da Kawu ya yi shekaru yana kafa teburinsa babu ita. Katafila ta cinye ginin da yake jingina da shi, sai baƙin tabon hayaƙi a wani guntun bango. Na tsaya ina juyi kamar wanda aka yi wa sata a kasuwa.

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa, ƙawar Inna, tana zaune a inuwar abin da ya rage na kantin burodi. Ita ta ce mini ai Kawu ya kwana biyu da komawa kudu, bakin Madinar Masana'antu, wurin da ma'aikata ke fitowa da yamma.

"Wace ƙofa, Hajja?"

"Ya waladi, ɗana, ni na taɓa zuwa? Ka bi hayaƙi."

Ina komawa mota aka kira La'asar.

Hanyar kudu a wannan lokacin sai wanda ya gani. Tireloli ne bumba da bumba, kowa na danna oda. Ina tuƙi ina kiran Kawu, ina addu'a, ina zagi, duk a haɗe. Na roƙi Allah ya sa gawayinsa ya jiƙe. Na roƙi Allah ya sa 'yan baladiya, ma'aikatan hukumar gari, su kore shi yau, ni da na sha zuwa roƙonsu su ƙyale shi. Abin da ke ta dawo mini shi ne hannun Ammu a kan kwalin, yadda ya ƙi saki sai da na furta kalmar. Mutum yana kwance an rufe masa ido, ya yarda da ni, ni kuma ina nan a bayan motar siminti.

Na zaga ƙofa biyu babu shi. A ta uku na hango hayaƙin, na kuma ji ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji tun kafin in buɗe ƙofar mota. Ma'aikata sun kewaye teburin, wasu sun riga sun karɓa sun zauna a gefen titi suna ci. Kawu yana tsakiya da farar hularsa, yana zare nama daga tsinke, yana barbaɗa yaji da albasa. Na ga hannunsa ya kai gefe ya ɗauko takarda. Ja ce don tsufa.

"Kawu! Ajiye!"

Bai ji ba. Ya naɗe, ya miƙa wa wani ɗan Bangaladash mai rigar kamfani. Na kutsa cikin mutane na fizge ƙunshin daga hannun bawan Allah, naman ya watse a ƙasa. Nan take wuri ya yamutse. Mutumin ya ci kwalata, abokansa suka taso, wani yana cewa a kira 'yan sanda. Ni kuwa ko a jikina, ina ta goge mai daga takardar da gefen rigata.

Kawu ya zagayo da wuƙar yanka nama a hannu, ya manta ma yana riƙe da ita.

"Kai! Hauka kake? A gaban mutane za ka tozarta ni?"

"Kawu, ka san abin da kake yankawa? Kun haɗu kai da Inna kun kashe ni! Kullum takarda, takarda, ba ku tambaya, ba ku..."

"Ni kake yi wa tsawa? Ni na yi maka huɗuba a kunne, ɗan banza!"

Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin teburin. Kwalin yana nan a buɗe, an ɗebi na sama. A gefen faranti ga dami an yanka gida huɗu, an danne da dutse don iska. Na miƙe. Na matsa kusa da kunnensa mai ji, na ce masa ba na naɗin nama ba ne. Jaridar uwar Ba'amurke ce, babu irinta a duniya, kuma amana ya ba ni kafin a shiga da shi asibiti.

Kawu ya dube ni, ya dubi wuƙar, ya ajiye ta a hankali.

"Amana?"

"Amana, Kawu."

"La haula wa la ƙuwwata illa billah."

Abin da ya yi bayan nan ba zan manta ba. Ya cika wa ɗan Bangaladash ɗin faranti da nama ya ba shi haƙuri. Ya juye ruwa a kan garwashi, wutar da bai taɓa kashewa kafin Isha ba. Sannan dattijon nan ya bi gefen titi, yana durƙusawa gaban ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, da Larabcinsa da guntun yarensu da ya tsinta, yana roƙon su juye naman a murfin tukunya su ba shi takardar. Wasu na dariya, wasu sun ɗauka wani abu aka gano a naman. Ya tona kwandon shara da hannunsa. Ya tsallaka titi ya bi wani da ya riga ya kama hanyar masauki, ya dawo yana haki da takarda a dunƙule.

Muka shimfiɗa su a kan murfin motata muna haɗawa. Kawu ba ya karanta Turanci, amma ya san yankan wuƙarsa, shi ke gane wace kusurwa ta dace da wace. Fitowar shekarar ƙarshe ce ya yanka, don ita ce a sama. Yawancinsu ba a kai ga naɗe komai da su ba, a yanke suke amma a cike. Waɗanda suka sha mai ma ana iya karantawa. Muka yi ta haɗawa har muka zo kan ta ƙarshe, wadda ta fi kowace zama a sama, wadda ya fara ɗauka.

Gida uku muka samu na shafin farko. Ga keken rubutun, ga hannayenta a kansa, ga kafaɗa ɗaya. Daga wuya zuwa sama babu, tare da wani yanki na ban kwanan.

"Wa ka fara sayar wa, Kawu?"

Ya rufe ido yana tunani. Wani direban tirela ne, bai ma sauko ba, ta taga aka miƙa masa. Ba mai zuwa kullum ba ne. Direban ya ce Jizan ya nufa, can nesa a kudu.

Muka tsaya muna kallon titin. Tireloli suna ta wucewa, duk iri ɗaya. Na ce mu bi shi, Kawu ya ce mu bi wa? Duk da haka sai da muka bi gefen hanyar da mota a hankali, yana leƙe ta taga, duk farin abin da ya gani a ƙasa sai ya ce in tsaya. Ledoji ne da kofunan shayi. Da aka kira Magariba muka juyo.

A gida Inna ta tare mu a tsakar gidan da babu komai sai tabarma. Ta riga ta shirya faɗanta. Ta ce ita aka yi wa tsawa a waya kamar baiwa. Ta ce shekara nawa kwalin Ba'amurke na shigowa gidan nan, ina yake zuwa in ba wurin Kawu ba? Ta ce in abin daraja ne me ya sa babu bisimilla a kansa? Gaskiyarta ce ta wani ɓangaren, shi ya ƙara ƙona mini rai. Na durƙusa na jera gida ukun a kan tabarma a gabanta.

Ta sunkuya ta kawo fuskarta kusa.

"Hannun wace ce wannan?"

"Uwarsa."

"Ina kan?"

Kawu ya juya baya.

"Akwai wani hoton nata?" ta tambaya.

"Babu, Inna."

Ta daɗe tana kallon wurin da babu komai, inda tabarma ke leƙowa. Tata uwar a wani ƙauye a bakin kogi a Sudan ta rasu, a hanyar Makka da ta ɗauko tun daga ƙasar Hausa ba ta ƙarasa ba, kuma ko hoto ɗaya ba a taɓa ɗaukarta ba. Ban taɓa jin Inna ta yi kukan wannan ba. Ranar ma ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Gobe za ka kai ni asibitin."

Kawu ya ce a bari mutumin ya warke tukuna, kada hawan jini ya taɓa masa idon. Ni ma na so hakan, don tsoron haɗuwar nake ji. Inna ta ce wanda ya ɓata abin mutum ba ya zaɓar ranar da ta yi masa daɗi.

Washegari da yamma muka same shi zaune a kan gado, ido ɗaya a rufe da auduga, ɗayan kuma dama ba ya gani sosai. Inna ba mai shiga wurin mazan da ba danginta ba ce, amma ta ja kujera ta zauna daf da gadon. Na ajiye kwalin a kan cinyarsa. Ya shafa shi, ya ɗaga hanci.

"Siriya," ya ce, ya yi 'yar dariya. "Kun kawo mini?"

Babu wanda ya taya shi.

"Ya Hajj," Inna ta ce, "ni ce. Ba yaron nan ba, ba ɗan'uwana ba. Ni na buɗe, ni na aika. Na ɗauka irin na kullum ne."

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Yana saurare, hannunsa na cikin kwalin yana bin bakin takardun, yana jin inda wuƙa ta bi. Da ya zo kan gida ukun sai ya jera su a kan bargo da yatsu, ya shafa wurin da na huɗun ya kamata ya kasance. Na jira ya yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi.

"Ma'alesh, ba komai, ya Hajja," ya ce. "A tsibirin ma kifi ake naɗewa da ita. Ita da kanta takan ce in an karanta, a naɗe kifi." Ya taɓa goshinsa. "Fuskar tana nan."

Sai ya ce in karanta masa ban kwanan. Na ɗauko ina karantawa da Turancina na sito. Duk layin da na bi sai ya katse a bakin yankan, shi kuma ya ƙarasa daga ka, in kama na gaba. Muka yi layi biyar ko shida haka, har na fara jin sanyi a raina. Sai na kai wani layi, na tsaya a inda ya yanke, na jira.

Bai ƙarasa ba. Leɓɓansa suka motsa, ya maimaita rabin da na karanta, ya sake maimaitawa.

"Ci gaba," ya ce.

A mota, da muka kusa gida, Inna ta juyo ta dube ni.

"Ya ce fuskar tana kansa," ta ce. "Kan nasa kwana nawa ya rage?"

'Yar ta zo bayan mun tare a sabon gida can arewacin gari. Ta sa safar hannu ta ɗaga kowace takarda, har masu man, ta sa a leda mai kyau. Ta yi mini godiya, ta ce da ba don ni ba da duka sun tafi, godiyar da na rasa inda zan sa ta. Da ta zo kan shafin ƙarshe ta tambayi ubanta ko kakarta ta yi kama da ita, don ba ta taɓa ganin hoton ba. Ya dube ta da sabon idonsa ya daɗe, sannan ya ce, "Wajen goshin, ina jin." Ta tafi da shi da kwalin. Bai cika shekara biyu a can ba aka aiko mana ya rasu.

Kawu ya koma farar takardar kanti, wadda ya ce ba ta shan mai. Har yau yana ƙorafi a kanta, amma bai sake karɓar jarida daga hannun kowa ba.

Inna ta tsufa sosai yanzu, da sanda take tafiya. In na fita da ita zuwa asibiti ko gidan 'yan'uwa, ba ma saurin isa, don duk takardar da ta gani a ƙasa mai tabon mai sai ta tsaya ta juya ta da bakin sandar. Da can Larabci take nema don ta ɗauke shi daga ƙasa. Yanzu na san abin da take nema, fuskar matar nan. Na sha gaya mata shekaru sun wuce, Jizan kuma ba nan kusa ba ce. Takan ce ta sani, ta juya ta gaba. Ni ma in na tsaya jiranta, idona a ƙasa yake.